Ƙirgar Allura

Ran Talata da ran Alhamis
Malama Hajo takan iso da hantsi bisa kabu-kabu,
buhun ƙyalle a cinyarta.
A bakin ƙofar kaso sai an zazzage kome:
almakashi biyu, alli, zare,
allura goma sha biyu cikin gwangwanin tumatir.
Gardi Sahiya ta ƙirga, ta rubuta a kaye.
Da la'asar ta sake ƙirgawa.
Mu ma haka ake ƙirga mu,
sai dai su allura a gida suke kwana.

Ni kuɗin adashe suka kawo ni.
Ban musa ba. Jikka ɗari da tamanin
na matan Wadata, na zuba su a albasa,
ruwa ya shiga rumbu,
warin ya riga ni isa gaban juji.
Maigidan yana Abijan. Wayarsa tana ƙara,
tana ƙara, har ta gaji.

Wata huɗu ba ni da sana'a
sai rakiyar inuwar dogon yaro
daga wannan bango zuwa wancan.
Sannan aka shigo da kekuna uku,
ɗaya gurguwa, sai an tokare ta da dutse.

Malama Hajo ba ta tambayi kowa laifinta ba.
Hannuwa ta ce mu nuna.
"Ba sadaka na kawo ba," in ji ta.
"Rigunan lakwal ne, masu su sun biya.
Wadda ta karkace, a warware."
Dala tamanin kowace riga,
rabi a hannu, na sabulu da sukari,
rabi a karne, sai ranar fita.
Na warware har zare ya san ni.

Tsohuwa Tamo ta Keita ba ta ganin kafar allura,
amma guga, ko tela ya sara mata.
Gaisha ta Abalak ba ta magana,
sai ta ɗaura maɓalli, ta cije zare,
ta kalli sama kamar wadda ta ji kukan raƙumi.

Wata Alhamis aka ƙirga, goma sha ɗaya.
Aka sake. Goma sha ɗaya.
Sahiya ta rufe kaye, ta ce ita ba ruwanta,
doka ce: in ba a gani ba, kekuna su fita.

Mu ashirin muka durƙusa.
Da rariyar tuwo muka tankaɗe tsakar kaso.
Waɗanda suka shekara ba sa ga maciji
ga su goshi da goshi suna hura yashi.
Mun samu ɗan kunne, mun samu haƙorin wani,
da dala guda ta zamanin da.
Rana tana ta sauka. Ba allura.

Can Gaisha ta ɗaga wata riga a tsibin nawa,
ta shafa kalmasa, ta ce "Wash!"
Muryarta ke nan da na fara ji.

Ni na bar ta ciki.
Rigar ɗan shekara bakwai ce.
Ina tsakiyar ɗinki na ɗora taƙi a kafaɗa,
na ce, Harisu ya kai nan yanzu?
Ko ya wuce?
Daga nan ban san inda hannuna ya tafi ba.

Ba wadda ta zage ni.
Tamo ce kawai ta karɓi rigar, ta goge ta sau biyu.
Sahiya ta ce, "Sha biyu,"
ta danna biro kamar ba ita ta yi ajiyar zuciya ba.

Yau karnena yana da jikka goma sha tara.
Saura da yawa, na iya lissafi.
Inna Mantu zan fara kai wa nata,
na aikin yanar ido ne ta tara.
Ina so ranar da zan durƙusa a ƙofarta
ta gan ni sosai.